Majigi ya kunyata ni gaban ɗalibai, in haƙura da shi ko in sake gwadawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata CEG (sakandaren matakin farko) a nan cikin garin Maradi, shekarata 19 ina koyar da SVT (kimiyyar halittu da ta ƙasa) da alli da tablo. Bana aka kawo ma lekol ɗinmu majigi guda da kwamfutar hannu guda, dirakta ya ce kowane malami ya riƙa aiki da su. Ranar da na gwada da ƴan turwaziyam, ajin ƙarshe na CEG, su 70 da ɗoriya, bango ya tsaya shuɗi yana ta nuna «Aucun signal». Da ƙyar wani yaro ya taso ya gyara. Hoton ya fito dishi-dishi, na baya ba su ganin komi, bidiyon da na so nunawa kuma ya ƙi buɗewa don babu rezo. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Awa guda ta tafi a banza, yara na ta dariya. Tun ranar ban sake taɓa shi ba. Ina jin kunyar tambayar matasan malamai, waɗansunsu ma ni na koyar da su, kuma ina tsoron ya lalace a hannuna a ce in biya. Mi za ni yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki sake gwadawa. Abubuwa huɗu ne suka taru miki a cikin awa ɗaya: igiya, hasken ɗaki, rezo da wuta. Kowannensu yana da dalilinsa, kuma za mu bi su. Sai dai abin da ya sa suka iya cinye miki awar baki ɗaya shi ne kin ɗora dukan darasin a kan majigi, ya zama idan ya tsaya ke ma kin tsaya. A ajin da ake iya ɗauke wuta ba sallama, majigi bai cancanci fiye da minti 10 zuwa 15 ba a cikin awa. Sauran lokacin na allinki ne, kamar yadda kika saba.

Abin da za ki ba majigi shi ne abin da alli ba ya iyawa. Alli ba ya motsi, don haka bugun zuciya da yadda jini ke zagayawa ta huhu ya dawo, ko rabuwar ƙwayar halitta gida biyu, ko iri yana tsaga ƙasa yana fitowa, waɗannan na majigi ne. Haka abin da ya yi ƙanƙanta ido ba ya gani, kamar ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini, da abin da ya yi nisa, kamar dutse mai aman wuta. Amma taƙaitaccen darasin da yara ke kwafewa a littafi, ki bar shi a tablo. Malamai da yawa suna juye rubutun takardarsu gaba ɗaya su haska a bango, yara su yi ta kwafa cikin duhu, sannan a ce an yi darasin zamani. Wahala ce kawai aka ƙara wa idon yaro, kuma da wuta ta tafi rubutun ya tafi da ita.

Yanzu ga maganar «Aucun signal». Wannan rubutu ba ya nufin wani abu ya lalace. Majigin ne ke cewa ya kunnu lafiya, amma ƙofar da yake saurare babu abin da ke shigowa ta cikinta. A bayansa akwai bakuna da yawa, biyu ne suka shafe ki. Akwai HDMI, siriri mai faɗi, wanda ke ɗaukar hoto da sauti tare. Akwai VGA, mai kai shuɗi galibi, da ƴan allurai 15 da sukurori biyu a gefe, shi hoto kaɗai yake ɗauka. Ki haɗa igiyar tun komi yana kashe, ki tura ta har ta zauna, in VGA ce ki ɗaure sukurorin. Sannan ki kunna majigi, ki jira kamar rabin minti ƙwansa ya kama, sannan ki kunna kwamfuta. Idan hoto bai fito ba, abu biyu ake dubawa, bi da bi. Na farko, maɓallin «Source» a jikin majigi ko a rimot: ki yi ta danna shi har ya tsaya kan sunan bakin da kika sa igiyar. Sau da yawa igiya tana HDMI shi kuwa yana jiran VGA, domin a haka malamin da ya yi aiki da shi jiya ya bar shi. Na biyu, a kwamfuta ki riƙe maɓallin Windows, mai hoton taga, ki danna P. Zaɓi huɗu za su fito a gefen dama, ki ɗauki «Dupliquer». Da wuya in ba ɗaya daga cikin waɗannan biyu yaron nan ya yi ba. Idan kuma bangon ya nuna hoton fuskar kwamfuta amma babu abin da kika buɗe, to «Étendre» aka zaɓa, ki koma «Dupliquer».

Idan duka biyun ba su yi ba, igiyar ce abin zargi, ba majigin ba. Ki zare ta ki duba alluran VGA. Ɗaya in ta lanƙwashe, hoto kan fito da launi guda, ja-ja ko rawaya-rawaya, ko ya ƙi fitowa sam. Igiya ta biyu a cikin jakar majigi ta fi duk wata dabara. In kwamfutar HDMI kaɗai gare ta majigin kuma VGA, akwai ɗan mahaɗi da ake sayarwa, amma hanya ɗaya yake aiki: a tabbatar an sayi mai karɓa daga HDMI ya fitar zuwa VGA, don na juye ba zai yi ba. Ki rubuta waɗannan matakai da hannunki a ƴar takarda ki manna a murfin kwamfutar. Duba takarda gaban yara ba abin kunya ba ne, tsayawa ana lalube ne ke jawo dariya.

Hoton da ya fito dishi-dishi, yawanci rana ce ta fi ƙarfinsa. Majigi ba ya iya yin baƙi, abin da ya fi duhu a hotonsa shi ne launin bangon da kansa. In rana na dukan bangon, hoto ya wanke ke nan. Ba sai kin rufe dukan tagogi yara 70 su dahu ba. Ki rufe biyun da ke kusa da bangon da ake haskawa, da ƙofa in tana gaba, ki bar na baya a buɗe iska ta shiga. Kada ki haska a kan tablo, baƙinsa yana shanye haske. In bangon gefen tablo na siminti ne ko ya yi dauɗa, a shafe wurin da farar ƙasa, ko a sami farin yadi mita 2 a kafa shi da ƙusa a ja shi ya miƙe sarai. Yadin da ya yi laushi iska na kaɗa shi, rubutu ya riƙa rawa.

Girman hoto yana da lissafi mai sauƙi: tsayinsa ya kai kashi ɗaya cikin shida na nisan bencin ƙarshe. Ajin da ya kai mita 9 yana son hoto mai tsayin wajen mita ɗaya da rabi. Yawancin majigai sai an ja su baya mita 3 zuwa 4 daga bango kafin su ba da wannan. Amma ki sani duk yadda kika ƙara girman hoto haskensa raguwa yake, don haka in ɗakin ya ƙi duhu, gara ƙaramin hoto mai kaifi, a matso da yara. A bakin gilashin akwai zobe biyu: ɗaya na girma, ɗaya na kaifi. Ki buɗe shafi mai rubutu ki juya na kaifin a hankali har bakin haruffa ya fito tsaf. In hoton ya yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, majigin ne ya ɗaga kai da yawa. Ki ɗora shi kan tebur mafi tsawo, ko ki gyara da maɓallin «Keystone», wanda wasu ke rubutawa «Trapèze». A littafinsa za ki ga adadin haskensa. Na aji yakan kai wajen lumen 3000. Ƴan ƙananan nan masu arha da ake gani a kasuwa na kallon dare ne a ɗaki, in irinsu aka kawo muku babu laifinki a dishi-dishin.

Girman rubutun kan shafi kada ya gaza lamba 28, layi biyar ko shida sun isa, baƙi a kan fari. Alƙalin wannan magana shi ne bencin ƙarshe: ki je ki zauna a kai, abin da ba ki iya karantawa daga nan ki ƙara masa girma ko ki cire shi.

Bidiyon da ya ƙi buɗewa kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar ita ce, abin da ba ya cikin kwamfutar tun daren jiya ba ya cikin darasin. Ko da rezo na da kyau a gidanki, a aji kada ki dogara da shi. Ki buɗe jaka ɗaya a fuskar kwamfuta da sunan darasin, ki zuba komi a ciki. Sannan ki kashe intanet ɗin gaba ɗaya ki buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya buɗe haka shi zai buɗe gobe. Wannan gwaji yana tona wani tarko da ke kama mutane: a PowerPoint, in adireshin bidiyo kawai aka liƙa, hotonsa na nan a shafi kamar yana ciki, alhali yana can intanet. Wajen sauke bidiyo ki zaɓi 480p, ya ishi bangon aji, kuma na minti 10 bai cika wuce mega 100 ba. Ki sa a saka miki VLC, kyauta ne kuma kusan kowane irin bidiyo yana buɗewa. Shafukanki kuma ki ajiye su kashi biyu, na PowerPoint da na PDF, don PDF ba ya sauya tsari in an koma wata kwamfuta.

Akwai kayan da aka yi su don wuraren da babu rezo. Kiwix yana ɗauke da Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa, da Vikidia da aka rubuta don yara, a sauke sau ɗaya a yi ta buɗewa ba intanet. PhET, na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, yana da gwaje-gwajen kimiyya da ake motsawa da hannu, an fassara da yawansu zuwa Faransanci, ana sauke kowanne a matsayin fayil guda. Malaman lissafi kuma GeoGebra ne nasu. Amma a ganinmu abin da ya fi duk waɗannan amfani a SVT yana cikin jakarki: kyamarar salularki. Ki tuge gyaɗa ki ɗauki hoton ƴan ƙululun da ke jikin saiwarta. Ki ɗauki zangarniyar hatsi da tsutsa ta ɓata, da gaɓar Gulbin Maradi inda ruwa ya zaizaye, da gawo da ya kaɗe ganye da damina hatsi na girma a ƙarƙashinsa. Yaron da ya ga gonar da ya sani ta cika bango, ba sai an ce masa ya yi shiru ba.

In za ki ba kwamfuta intanet daga salularki, ki fara shiga saitin Wi-Fi ki kunna «Connexion limitée». In ba haka ba Windows zai ga hanya ta samu ya kama sauke sabuntawarsa, ya cinye miki kuɗin intanet na wata a zama ɗaya. Ki kuma rufe WhatsApp da Facebook a kwamfutar kafin ki haɗa majigi, don duk saƙon da ya faɗo, ƴan aji za su riga ki karanta shi. Kile USB da ke yawo tsakanin malamai da shagunan buga takardu yakan kwaso wata cuta da ke mayar da jakunkuna su zama «raccourci», masu ƴar kibiya a gindi. Kada ki danna su, dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfuta. Fayilolinki ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi. Wanda ya ɗan iya zai buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ya rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin kilen E ne, su dawo, a kwashe su, a share kilen baki ɗaya.

Sauti: in HDMI kika sa, kwamfuta kan tura murya zuwa ƴar lasifikar cikin majigi, wadda ba ta wuce benci na uku. Ki danna alamar lasifika a ƙasan fuska ki sauya mafita, ki haɗa lasifika mai caji. Ko kuma, wanda muka fi so, ki kashe muryar ki yi bayanin da bakinki. Faransancin cikin bidiyo yakan yi wa yara sauri, ke kuwa kin san inda za ki tsaya.

Sai wuta da zafi da ƙura, nan ne tsoronki na lalacewa yake da tushe, don haka mu daɗe a kai. Majigi mai ƙwai yana jan wat 250 zuwa 350, kuma ƙwan yana yin zafi ƙwarai, fanka ce ke riƙe da ransa. Shi ya sa ba a zare igiyar wuta don a kashe shi. Ki danna maɓallin kashewa, galibi sau biyu, ki jira fanka ta yi shiru, minti ɗaya ko biyu, sannan ki zare. Kada ki sa shi cikin jaka da zafinsa. In aka ɗauke wuta yana cikin aiki, fanka ta tsaya ƙwai na da zafi; sau ɗaya ba ya kashe shi, amma maimaituwa na rage masa kwana. Abin yi a lokacin shi ne ki zare shi daga bango nan take, don dawowar wuta da ƙarfi ita ta fi ƙona kaya, kuma ko ta dawo ki ba shi minti 5 zuwa 10 ya huce. Maganin wannan na dindindin shi ne ondila, akwatin batir ɗin nan da ke riƙe wuta na ƴan mintuna. Aikinta ta ba ki damar kashe majigi yadda ya kamata, ba ta ƙarasa miki darasi ba. Mai VA 650 ta yi masa kaɗan-kaɗan, a nemi mai VA 1000 ko fiye, kuma majigi kaɗai za a sa mata tunda kwamfuta na da batirinta. In da janareto ake aiki, a tada shi ya daidaita tukuna sannan a haɗa. In kuwa lekol na da sola, ga lissafin: batir mai volt 12 da Ah 100 yana ɗauke da wat-awa 1200, rabi kaɗai ake ci in ana son ya yi ƙarko, na'urar juya wuta kuma ta ci nata, abin da ya rage wajen 500. Majigi da kwamfuta tare, awa ɗaya da ƴan mintuna ke nan. Wani dalilin kuma na tsayawa kan minti 15.

Yawancin majigai an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba. Kin san Maradi a Afrilu da Mayu, ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana. A bazara ki nemi awannin safe. Ki bar masa sarari kamar rabin mita ta wajen da iska ke fita, kada a jingina masa littattafai, kada a lulluɓe shi da zane yana aiki wai don ƙura. In ƴar fitilar «Temp» ta yi ja ya kashe kansa, kare kansa ya yi, kuma galibi matatar iskarsa ce ta toshe. Wani ɗan soso ne a gefe ko a ƙasa, a bayan murfin da ake zarewa. Da hunturu a cire shi duk mako a kakkaɓe da burushi mai laushi, majigi na kashe kuma a sanyaye. Waɗansu ba su da matata, su sai a share ramukan iskar. Gilashin gaba ba a goge shi da gefen mayafi, ƙurar da ke kai tana karce shi. A hure ta tukuna, a shafa da ƙyalle mai laushi. A cikin saitinsa akwai «Eco», yana ɗan rage haske amma yana rage zafi ya tsawaita kwanan ƙwai.

Game da biya: ƙwai abu ne mai ƙarewa kamar alli, yana da awanni dubu kaɗan, kuma majigin da kansa yana ƙirga su a cikin saitinsa. Ranar da ya mutu a hannun wani, ba wannan ne ya kashe shi ba. Ki ba dirakta shawara a buɗe littafi: kwanan wata, sunan wanda ya ɗauka, abin da ke cikin jaka, halin da aka mayar da shi. A kuma kai maganar ondila da kuɗin sabon ƙwai gaban COGES, kwamitin kula da lekol, tun yanzu. Wannan littafin kariya ce gare ki da kowa.

Kunyar tambaya kuwa, Malama, ki ajiye ta. Ki zaɓi ɗaya cikin matasan nan, wanda kika ga yana da haƙuri, ki ce ya ba ki rabin awa bayan an tashi, a ajin da ba kowa. Sharaɗi ɗaya: hannunki ne kan na'ura, nasa a aljihu. Masu iyawa suna da halin karɓe abu su danna-danna cikin ƙiftawar ido su ce «kin gani?», alhali ba a ga komi ba. Ki haɗa, ki kunna, ki kashe, ki warware, sau uku a jere. A na ukun ki sa ya ɓata wani abu da gangan, ya sauya «Source» ko ya sassauta igiya, ke ki gano. Kuma ba bashi kika ci ba: shi ma yana da ajin mutum 70 da bai san yadda zai riƙe ba, ke kin sani. In an zo taron UP, na malamai masu koyar da darasi ɗaya, ki kawo maganar a fili, za ki ga ba ke kaɗai ke kewaye jakar majigin nan ba. Yaron da ya taso ya gyara ranar nan, ki naɗa shi da wata yarinya su zama masu ɗauko kaya da haɗawa a lokacin hutu, ke kina dubawa. Su bi da igiyar wuta ta gindin bango inda ƙafa ba ta bi, don majigai da yawa faɗuwa daga tebur ce ajalinsu.

Darasin komawarki ya zama ƙarami. Ki rubuta tambayoyi uku a tablo kafin a kunna komi, misali: ɗakuna nawa ne a zuciya, daga wane ɗaki jini ke tafiya huhu, me ke hana shi komawa baya. Ki nuna bidiyo na minti 2 ko 3, su kalla kawai. Ki sake nunawa kina tsayarwa, maɓallin nan mai tsawo na ƙasa a kwamfuta shi ke tsayar da VLC ya kuma ci gaba. Lokacin da kike son idanu su dawo kanki, ki danna «Blank» ko «A/V Mute» a rimot bango ya yi duhu. A cikin PowerPoint na Faransanci harafin N ke yin wannan, a na Ingilishi B. Sai su amsa tambayoyin, ki zana zuciyar a tablo da jan alli da shuɗi, su kwafa. In wuta ta tafi tun ba a fara ba, kwamfutar da kika cika da caji tun dare tana nan: ki ɗora ta kan tebur, layi-layi su zo su kalli minti biyun, sauran suna kwafar tambayoyi.